Kabewar Tsohuwar Gonayib

Sana'ata girki. A gidanmu na unguwar Zahir nake dafawa, direba ya ɗauki kuloli ya kai wa masu Umara a masaukinsu na unguwar Aziziyya. A Makka aka haife ni, kuma tun ina budurwa hannuna ke cikin tukunyar alhazai. Na ciyar da Kanawa, na ciyar da Zabarmawa, na ciyar da mutanen Senegal da ba sa gajiya da shinkafa. Ban taɓa ganin kulata ta dawo da abinci a ciki ba sai a ƙarshen wani watan Disamba, da direba ya ce wani ɗaki a hawa na uku kwana biyu ke nan ana ɗan taɓawa a bari.

Ni fa ban iya haɗiye irin wannan ba. A zage ni, na yafe, amma a bar mini tuwo? Na yafa abaya, na ja maƙwabciyata 'yar Maraɗi, saboda direba ya ce mai ɗakin wata tsohuwa ce, ba ta jin Hausa ba ta jin Larabci, ita kuwa maƙwabciyar tawa ta yi bokon Faransanci kafin aure ya kawo ta nan.

Mai gadin benen ya tare mu da ƙorafi. Ya ce tsohuwar kullum sai ta sauko ta tsaya a ƙofar madafa tana nuna masa kwaɗo, shi kuwa an hana baƙi kunna wuta a gidan, babu abin da zai iya.

Muka same ta zaune a bakin gado, 'yar ƙarama, baƙa wuluk kamar ni, bayanta a miƙe. Na ce, "Sannu Inna," maƙwabciyata ta juya mata. Suka ɗan yi kokawa da harshe, don Faransancinta gauraye yake da yarensu, amma suka fahimci juna. Ta ce daga Haiti take, daga wani gari na bakin teku da ake kira Gonayib, kuma da girmanta ta musulunta.

Na ce, "Wajen Abijan ne?"

Maƙwabciyata ta bushe da dariya. "Haba Hajiya, kada ki ba mu kunya. Ƙetaren teku ne can, kusa da Amurka."

Tsohuwar ta zaro wata takarda daga jakarta, ta zana abu a jiki, mai tsaga-tsaga da ɗan kara a ka. Ko makaho ya shafa ya san kabewa ce. Ta ce jibi take so, da safe. Ta buɗe baki za ta ci gaba, ni sarkin gaggawa na katse ta. Na ce, "Kabewa kawai? A kan kabewa kike horar da cikinki? Faɗa mata ta kwantar da hankalinta, ta zo gidan kabewa."

Ban ma jira jibin ba. Washegari na zage na yi miyan taushe irin wadda ake yi wa surukai, da gyaɗa da yakuwa da ƙashin rago, na haɗa da waina mai zafi, na kai da kaina ina taƙama. Ta ɗiba a cokali, ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai, ta ce akwai daɗi. Sannan ta mayar da murfi ta turo mini kular a hankali.

Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Na miƙe zan fita, maƙwabciyata ta riƙe mini abaya. "Zauna ki ji, jiya ma bakinki ne ya hana ta ƙarasawa."

Na zauna ina huci, tsohuwar ta yi magana mai tsawo, ana juya mini guntu-guntu. Ta ce kakanninsu daga ɓangarenmu aka kwashe su a jiragen ruwa, aka kai su noman rake. A gidajen Faransawa akwai wata miyar kabewa da bayi ke dafawa, su kai teburi, amma ba su da ikon kai ta baki. Da bayin suka tashi suka yi yaƙi suka kori iyayen gijin, a dandalin garinsu, Gonayib, aka tsaya aka shelanta cewa ƙasar ta zama tasu, ranar ɗaya ga Janairu. Tun daga nan kowace shekara a wannan rana kowane gida sai ya dafa miyar da hannunsa, a sha, a aika wa maƙwabta.

Ta ce garin nasu a kwari yake, duwatsu a baya, teku a gaba, idan ruwan sama ya yi yawa laka ce ke gangarowa ta shiga har ɗakuna. Ita ce shugabar matan unguwarsu masu yashe magudanan ruwa, su ke bi gida-gida suna fitar da mutane aikin gayya, su ke zuwa ofishin magajin gari su zauna a ƙofa har sai an ba su motar kwasar shara. Shekarar da ambaliya ta cinye mata gida, watanni suka wuce ba ta gama fitar da laka ba, a saman rufi ta haɗa duwatsu uku ta dafa miyar, aka riƙa miƙa kwanuka daga rufi zuwa rufi. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa tsallake shekara ba. Da aka sa musu ranar tafiya Umara ba ta damu ba, ta ɗauka ai ko'ina akwai murhu.

Ta ce, "Gobe ne. Idan ban dafa ba, ni ce ta farko a gidanmu da ta bari."

Kunya ta rufe ni, don na ga abin da na yi: mace na neman murhu, ni na kawo mata sadaka. Na ce wa maƙwabciyata, "Faɗa mata gobe za ta dafa, ko da Makka za ta taru a kaina."

Makka ba ta taru ba, yayana ne ya tare ni. Gidan namu na gado ne, shi da iyalinsa a ƙasa, ni a sama, madafar sana'ata kuma a tsakar gida take. Da ya ga ana shigo da kabewa biyu da kabeji daga kasuwar kayan miya, ya tambaya, na faɗa masa gaskiya. Fuskarsa ta canza.

"Ɗaya ga Janairu? Bikin sabuwar shekarar Nasara za ki kawo mana cikin gida, a garin nan? Me maƙwabta za su ce?"

Na ce, "Yaya, ni ba malama ba ce. Amma babu kiɗa, babu kyandir, babu wanda zai ce wa wani barka da shekara. Ranar da suka fita daga bauta ce. Miya za a dafa a ba maƙwabta, a ina aka hana wannan?"

Ya ce in dai na nace, in hau da tukunyar can saman bene inda ba mai gani.

Nan ne na tashi. Na ce, "Ka manta abin da Kaka take ba mu labari tana kuka? Su biyu suka baro gida da ƙanwarta a ƙafa, a hanyar zuwa garin nan aka sace ƙanwar aka sayar, har ta mutu ba ta sake jin ɗuriyarta ba. Yau ga jikar waɗanda aka sayar ta zo da ƙafarta, ka ce in ɓoye ta a saman bene? A madafata za ta dafa, ƙofa a buɗe." Ban sauke ido ba. Ya saka takalmansa ya tafi masallaci.

Bayan sallar Asuba direba ya ɗauko ta. Tana shiga madafar ta zama wata mace daban. Ta ɗaure zane a ƙugu, ta karɓe wuƙar daga hannuna, ta mai da ni 'yar aike a cikin madafata. Ta wanke naman sa da lemun tsami har sau biyu, ta daka tafarnuwa da kanumfari da ganyen albasa ta cuɗa shi. Ta dafa kabewar ta tuƙe ta har ta zama ruwa, ta zuba dankali da karas da kabeji, can ƙarshe ta kakkarya taliya ta watsa. Na ce taliya a miya, yau na ga ikon Allah. Na ɗauko gyaɗa a ɓoye zan taimaka mata, ta buge mini hannu da ludayi. Attaruhu ɗaya tak ta jefa, ɗungurungum, ta ce idan na fasa shi ni da ita ne. Maƙwabciyata tana gefe tana dariya har da hawaye, wai yau an samu mai maganina.

Rana na fitowa miya ta nuna. Muka jera kwanuka, muka bi layinmu ƙofa-ƙofa, ita a gaba tana dogara sanda, ba ta yarda an tsallake gida ko ɗaya ba, har masu gyaran taya na bakin titi. Ƙofar yayana ita da kanta ta ƙwanƙwasa. Matarsa ta karɓa, shi yana ciki bai fito ba, ban kuma tambayi ko ya sha ba.

Muka dawo, na shimfiɗa mata leda a falo, na zuba mata a kwanon da nake ji da shi, na zuba wa maƙwabciyata. Ni kuwa na koma bakin ƙofa na tsaya da butar wanke hannu, ina cewa a ci, a ƙara. Haka aka koya mana: mai girki ba ta zama da baƙo, sai an tashi ta ci abin da ya rage a madafa. Ban taɓa jin ciwon hakan ba, tarbiyya na ɗauke shi.

Tsohuwar ta ɗauki cokali, ta dube ni, ta ajiye. Na ce ko gishiri ne bai ji ba? Ta yi magana a hankali, maƙwabciyata ta daina murmushi kafin ta juya mini.

"Ta ce haka kakanninta suke tsayuwa. Ta ce idan wadda ta sha hayaƙin miyar nan tana tsaye wasu na sha, to ba a dafa ta ba, a zubar."

Na ce a faɗa mata al'adarmu ce, girmamawa ce. Ta girgiza kai, ta rufe kwanonta da faranti, ta harɗe hannuwa. Matar da ta kwana uku ba ta ci abin kirki ba, ta haye teku, ta samu miyarta a ranarta, ga shi za ta bar ta ta huce saboda ni.

Na ajiye butar. Na ji wata irin kunya da tausayin kaina da ban san ina ɗauke da su ba, na zo na durƙusa na zauna a gefenta. Ta jawo tukunyar, ta zuba mini da hannunta, ta tsamo tsoka mafi girma ta ɗora a kai. Na kai cokali baki hawaye na zuba a ciki. Ta zuba mini ido, ba ta motsa ba sai da ta ga na haɗiye, sannan ta buɗe kwanonta ta yi bismillah.