Gatarin da Ban Zaɓa Ba

Jiya bakin gatarina ya ɓare a dajin Vitória, sai na tuna da marigayi Baba, tsohon da muke saran itace tare.

Shi ya fara kai ni maƙera, cikin ƙaurin gawayi. Ya ce, "Ɗana, da farko ƙwanƙwasa ƙarfen ka saurara. Sannan duba ƙota. Daga ƙarshe ka ce maƙerin ya nuna maka nasa gatarin."

Na riƙe duka ukun. Amma tun bayan tawayen bayi ubangidanmu ya hana mu zuwa maƙera. Gatarin da ya miƙo mini, da shi nake sara, in itace ya kasa in sha bulala.

Baba, ban manta ba, ba a tambayata ne. Allah Ya sanyaya makwancinka.