Yadda na koya wa mahaifiyata Turanci a kan tiren gyaɗa

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Kinkinau, Turanci ya taɓa tsare min hanya har sau biyu. Duk sauran darussan jarrabawar fita sakandare na ci, har lissafin da kowa ke gudu, amma Turanci ya ce ba inda za ni. Ga shi burina makarantar koyon aikin jinya, su kuma ba sa kallon takardar da babu kiredit a Turanci. Da zan zauna karo na uku, mahaifina ya ce, "Wannan ne na ƙarshe. In bai yiwu ba, ki koma wurin gwaggonki ki koyi ɗinki." Ba faɗa ya yi ba, ya gaji ne kawai, kuma na san ba ya magana biyu.

Matsalata a lokacin ita ce na iya hadda. A Islamiyya ni ake nunawa da yatsa, don haka na ɗauka littafin nahawun Turanci ma haka za a yi masa. Na haddace ma'anar kowane tensis, wato lokutan aiki, na haddace dokokin waƙafi da aya, har lambar shafi zan iya gaya maka. Amma a ce in rubuta wasiƙa mai layi goma, sai ka tausaya wa mai dubawa.

Mahaifiyata ƙuli-ƙuli take yi na sayarwa, kuma ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Wata rana da la'asar tana murza soyayyiyar gyaɗa a tire, ni kuma ina gefe ina rera dokokina har da rangaji. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Ke, wannan tilawar da kike yi, me take nufi?"

Na buɗe baki, sai na sake maimaita mata Turancin.

"Da Hausa na tambaye ki."

Wallahi na kasa. Ta ce, "Wato wata uku kina cika mana gida da abin da ke ma ba ki san kansa ba? Daga gobe ni ce ɗalibarki. Abin da kika kasa gaya min da Hausa, ba ki iya shi ba."

Na so in yi dariya, amma na ga fuskarta ba wasa.

Ban taɓa haɗuwa da ɗaliba mai taurin kai irinta ba. In na yi bayani, sai ta ce, "To, na soya gyaɗa jiya, da na riga na soya kafin ki tashi barci, Bature ya raba su ko ɗaya ne a wurinsa?" Washegari sai in tafi wurin malaminmu na lesin da tambayar, ni da a da ko hannu ba na ɗagawa don kada a ce ban sani ba. Har ya fara tambayata wa ke ba ni waɗannan tambayoyin. Kunya ta hana ni faɗa, na ce wata ƙawata ce.

Ranar da na yi mata bayanin yankin jimlar da ba ya iya tsayawa shi kaɗai, ta ce, "Au, irin maganar maƙwabciyarmu ke nan. Ta shigo ta ce 'in kin gama da turmin nan', sai ta yi shiru ta bar ki a rataye." Tun daga ranar ban sake mantawa ba.

Insha'i kuwa, sawa take in karanta mata da ƙarfi. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma tana jin numfashina. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, za ki shiɗe. Duk tsawon nan babu wurin hutawa?" In duba, sai in ga na zuba layi biyar babu aya.

Haka muka yi wata huɗu. A ɗakin jarrabawa, duk tambayar da ta so ruɗa ni sai in fara warware ta a raina da Hausa, kamar tana zaune a gabana da tirenta.

Ranar da sakamako ya fito, daga shagon da aka buga min takardar har gida ban san yadda ƙafata ta kawo ni ba. Na sami mahaifiyata a madafa tana suya. Na ce, "Umma, na ci Turanci."

Ba ta daina juya ƙulin ba. Ta ce, "Ke kika ci? Mu dai muka ci." Sai ta kawar da kai tana goge ido da bakin zane, wai itacen yau ɗanye ne. Mahaifina da ya dawo ya karanta takardar sau biyu a tsaye, ya ce in shirya, ranar Litinin da kansa zai raka ni sayen fom ɗin makarantar jinya.

Yau na daɗe ina aikin jinya. Har yanzu in na yi wa mara lafiya bayanin magani na ga bai gane ba, ba na ganin laifinsa, nakan koma in sake lalubo maganar. Takardar nan tana cikin akwatina, sunana ne kaɗai a kanta, amma ni na san mu biyu muka zauna jarrabawar.