Man Bi Kazija Mai Suna Biyu

Bi Kazija ba ta taso da burin haɗa kayan shafa ba. A Jambiani aka haife ta, wani ƙauyen bakin teku a tsibirin Unguja inda ake sa wa manyan mata Bi a gaban suna, kuma kamar sauran matan garin, tun tana budurwa take shiga teku idan ruwa ya janye, ta ɗaure ciyawar teku a igiya don ta girma a sayar, ta dawo gida bayanta kamar an kirɓa shi a turmi. Kakarta ce mai gyaran amare a zamaninta. Ita ke daka kanumfari da sandal da busassun furanni, ta kwaɓa da man kwakwa, a murje amarya da shi har ta fito tana sheƙi. Kazija ta iya haɗin ne ba don tana so ba, sai don kullum ita ake miƙa wa taɓarya.

Shekarar da ruwan teku ya ɗau zafi, ciyawar ta riƙa ruɓewa a jikin igiya, mata suka watse neman abin yi. Wasu suka kama tuyar mandazi, wani irin fanke, wasu suka koma yi wa Turawan otal kitso a bakin ruwa. Ita kuwa Kazija ta janyo tukunyar kakarta daga ƙarƙashin gado ta wanke.

Mijinta Pandu mai hawan kwakwa ne a da. Sau ɗaya ya taɓa faɗowa, daga tsayin da bai kai rufin ɗaki ba, amma tun daga ranar ya ce likita ya hana shi ɗaga ƙafa sama da dokin ƙofa. Ba wanda ya taɓa ganin likitan. Da ya ga matarsa ta ɗora tukunya, sai ya shimfiɗa tabarma kusa da murhu ya naɗa kansa mai ba da shawara.

Haɗin mai ba wuya gare shi ba, tara kayan ne aiki. Kwakwa sai ta roƙi masu hawa su sauko mata da ita, mijinta na daga ƙasa yana nuna musu inda za su sa ƙafa. Kanumfari ƙanwarta ce ke aiko mata daga tsibirin Pemba a jirgin ruwa, kowane ƙulli da saƙon ƙorafin da ke biye da shi. Sandal sai ta hau daladala, motar hayar can, zuwa kasuwar Darajani a cikin birni, wajen wani Ba'indiye da ba ya yarda a shinshina kafin a saya. Kakin zuma kuwa wani mutumin Tabora ke kawowa, kullum da rantsuwar cewa bana ƙudan zuma sun yi yaji. Abu ɗaya ne take samu a sauƙaƙe, furen yasmin, domin bishiyarsa na gidan maƙwabciyarta Bi Miza, rassan sun leƙo ta kan katanga.

Bi Miza mijinta ya rasu ya bar mata gida da bishiya da bakin da ba ya hutawa.

“Tsinka, ƙawata, tsinka,” take cewa. “Don Allah na ba ki, ba sai kowa ya ji ba.”

Kafin azahar duk wanda ya je rijiya ya ji.

Man ya yi kyau, wannan ko maƙiyi bai musa ba. Yana da ƙamshi, yana shiga jiki, ba ya barin maiƙo a zane. Amma matan garin suka ƙi saye. Su zo, su lakata, su shafa a bayan hannu, su yaba, su tafi.

“Kazija, mun fa san tukunyar nan,” in ji wata. “Ba a ciki kika dafa shinkafa ba ranar sunan jikan Vuai?”

“Na wanke ta.”

“Ko kin wanke. Mu na Dubai muke so, mai sa haske. Wannan in mutum ya shafa, yadda ya kwana haka zai tashi.”

Maganar ta tsaya mata a rai, har ta shirya ta tafi Darajani neman sinadarin bilicin da ake zubawa a mai. Aka nuna mata wata mata a lungu. Fuskar matar fara sol kamar an fere rogo, kumatunta ja kamar an mare ta, gaɓoɓin yatsunta kuwa baƙi ƙirin.

“Kada ki ji komai, Yaya,” in ji matar. “Ni ma shi nake shafawa. Ga shaida kina gani.”

“Na gani,” in ji Kazija, ta gyara mayafinta ta fito. Daga baya ta riƙa cewa tsoron Allah ne ya hana ta saye. Pandu ya ce tsadar abin ce. Mai yiwuwa duka biyun ne.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta zo ta tara mata masu sana'a a zauren wani otal, aka yi musu bita. An sha shayi da madara, an tafa, an ɗauki hoto. Aka raba wa kowace farar riga irin ta likitoci, da hular rufe gashi, da ɗan sikeli. Sikelin Pandu ya karɓe yana auna kifin da yake ci. Rigar kuwa tun ranar da Kazija ta fara sa ta, tsofaffin unguwa suka fara tare ta a hanya suna tambayar maganin hawan jini. A duk abin da aka faɗa a zauren, magana ɗaya ta riƙe, wadda malamar da aka ɗauko daga Darussalam ta yi ta maimaitawa: mutane ba mai suke saye ba, labarin da ke jikin kwalbar suke saye.

A wajen bitar ne ta haɗu da matar da ke tsaron kantin otal ɗin, ta nuna mata kwalba ɗaya. Matar ta shinshina ta ce Turawa za su so shi, musamman in an ce musu yana sa fata ta yi duhu.

“Duhu?” in ji Kazija. “Baƙi suke nema? Da kuɗinsu?”

“Shi ya kawo su. Ba kya ganinsu a shanye a kan rairayi kamar kifi?”

Kazija ta dawo gida tana dariya ita kaɗai a hanya. Ta ba Pandu labari. A karo na farko tun faɗuwarsa, mutumin ya miƙe zaune ba tare da ya yi nishi ba. Shi ya raɗa sunayen. Kwalaben matan gari aka manna musu takarda mai ruwan zinariya, Hasken Dubai. Na Turawa aka ɗaure musu wuya da zaren kaba, aka sa musu suna Ranar Unguja. Duka daga tukunya ɗaya ake kwasa, da ludayi ɗaya.

Inda Kazija ta nuna gwaninta shi ne wajen bayani. Duk wadda ta sayi Hasken Dubai sai ta ja ta gefe ta rage murya: “Ki shafa safe da yamma. Amma kul, kada rana ta gan ki. Ki zauna a ɗaki, in fita ta kama dole ki rufe fuska, in ba haka ba ki ɓata maganin.” Baturiya kuwa ta bakin mai kanti ake gaya mata ta shafa ta je ta kwanta a rana, in gefe ɗaya ya yi ta juya ɗayan.

Aiki ya yi kyau ta kowane ɓangare. Amaren da aka killace a ɗaki suka fito sun yi fayau, Turawa suka koma ƙasarsu kamar gasasshiyar masara suna murna. Kazija ta sauya rufin gidanta da kwano. Pandu ya sayi hula ya fara amsa sunan Darakta.

Bi Miza tana kallon duk wannan ta kan katanga. Ta ga tukunya, ta ga ludayi, ta ga kwano ya hau rufi. Wata safiya Kazija ta miƙa hannu za ta tsinki fure, ta ji an riƙe reshen daga ɗaya gefen.

“Ƙawata, furen nan dai ya gaji da aikin lada. A sa ni a cikin sana'ar nan.”

“Ba ke kika ce don Allah ba?”

“Na ce. Ai lokacin rufinki na ganye ne.”

Kazija ta ji abin ya ɓata mata rai. Ita ke kankare kwakwa har yatsunta su yi jini, ita ke shan hayaƙi, ita ke haƙuri da Ba'indiye, sai wadda aikinta kawai ta mallaki bishiya ta ce a raba? Ta saki reshen ta ce akwai yasmin a ko'ina. Miza ta juya ta shige ɗaki, ta riƙe abin a ranta.

Abin ya fashe ne a bikin 'yar Bi Mboja, matar wani mai jiragen kamun kifi, wadda ta sayi Hasken Dubai kwalba-kwalba don amarya. Cikin 'yan biki akwai wata Baturiyar Italiya mai suna Ornella, wadda ta shekara tana zuwa garin, aka ɗaura mata zane aka zaunar da ita a gaba. Ana tsakiyar kiɗa ta buɗe jaka ta ɗauko Ranar Unguja tana shafa wa hannunta. Miza ta taso daga inda take, ta karɓi kwalbar da fara'a, ta shiga ɗakin amarya ta fito da ɗaya kwalbar, ta kai su duka biyun hancin uwar amarya.

“Shinshina, Mboja. Wannan na sa fari ne, wannan na sa baƙi. Gaya wa jama'a bambancin.”

Bi Mboja ta shinshina wannan, ta shinshina wancan, ta sake komawa. Sai ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla salati. Makaɗa suka tsaya. Kazija, da lomar shinkafa a hannunta, ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige.

Washegari Bi Mboja ta kai ƙara, aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, Sheha Jecha, dattijo mai son zaman lafiya da barcin rana. Shari'ar ta zame masa ƙaya, domin matarsa na cikin masu shafa Hasken Dubai, shi kansa kuma yana satar shafawa a gwiwa.

“Bi Mboja,” ya ce, “amarya ta yi haske ko ba ta yi ba?”

“Ta yi, ranka ya daɗe. Dangin miji ma sun yaba.”

“Ke kuma baƙuwarmu, kin yi duhu?”

Aka fassara wa Ornella. Ta naɗe hannun riga ta nuna damtsenta da alfahari, ta ce a garinsu har kishi ake da ita.

“To ina ƙarar take?”

“Tukunya ɗaya ce, ranka ya daɗe!” in ji Bi Mboja. “Abin da ke baƙanta Baturiya shi aka shafa wa 'yata. In ya rikice a jikinta ya juya fa? Ta wayi gari a gidan miji ta koma yadda take, ko ma ta fi? Me zan ce wa mutane?”

Mata suka ɗau guna-guni, kowace na duba hannunta. Sheha ya juya ga Kazija. Ta so ta faɗi gaskiya ta huta, ta ce man kwakwa ne da fure, ba ya fari ba ya baƙi, inuwa da rana ke aikinsu. Har ta buɗe baki. Sai ta dubi fuskokin matan, ta ga babu wadda ta zo jin wannan. Waɗanda suka yi wata guda a ɗaki ba za su yafe wa wanda ya ce musu a banza suka zauna ba.

“Ranka ya daɗe,” ta ce, “man yana bin niyyar mai shafawa ne.”

Sheha ya gyaɗa kai, ya ce wannan magana ce ta masu ilimi. Ya lumshe ido har aka zaci ya yi barci, sannan ya yanke hukunci. Ba a sami Kazija da cuta ba, tunda kowa ya samu abin da ya nema. Amma don gudun kada niyyoyi su cakuɗe, daga yau tukunya biyu za a yi, murhu biyu, ludayi biyu, kuma kada su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Na Turawa ya zauna gidan Kazija. Na amare a kai shi gida mafi kusa.

Gida mafi kusa na Bi Miza ne.

Kazija ta yi kwanaki ba ta yi wa maƙwabciyarta magana, kayan haɗi ma Pandu take ba wa ya kai, ya dawo yana ɗingishi yana neman a ƙara masa kifi. Amma me? Tunda labari ya bazu cewa hukuma ta raba tukwane, ciniki ya ninka. Mata har daga Makunduchi suke zuwa, suna cewa yanzu ne Hasken Dubai ya zama na gaske, da can gauraye yake. Bi Mboja da kanta ta dawo ta saya wa ƙanwar amarya.

Yanzu duk sun manyanta. Kazija ce har yau ke zuwa Darajani, ita ke auna sandal da kanumfari ta raba gida biyu daidai wa daida. Sai dai Miza, wadda da hancinta ta tona asirin, ta daɗe da gaskata cewa tukunyarta daban ce. Ba ta yarda kowa ya taɓa ta. Kwanakin baya Kazija ta shiga gidan ta tarar man yana neman kamawa, ta kai hannu za ta juya, Miza ta fito da gudu daga banɗaki ta ƙwace ludayin.

“Kul! Daga kan na Turawa kika taso, ko hannu ba ki wanke ba. So kike ki baƙanta mini 'ya'yan mutane?”

“Ke Miza, ki ji tsoron Allah. Ni fa na auna miki kayan nan da safe.”

“Kin auna,” in ji Miza, tana juyawa a hankali. “Amma hannun wa ke juyawa?”