Wayar Da Na Ce Babu Wuta A Cikinta

Wata rana maƙwabcina Tanimu kafinta ya kira ni shagonsa, ya shimfiɗa mini wata tsohuwar takarda a kan benci.

Zanen jirgin sama ne. Irin na da can, mai fikafikai biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Ya ce, "Wannan zan ƙera. Ɗan ƙarami, amma sak irinsa. Kuma sai ya tashi."

Na yi dariya har da riƙe ciki.

Da yamma na kai labarin majalisarmu. Tun daga ranar sunansa ya koma Matuƙi. In ya zo wucewa sai mu ce, "Matuƙi, yaushe za a kai mu Makka?"

Murmushi kawai yake yi, ya wuce.

Wata goma sha huɗu ya yi yana aikin nan.

Katakon rimi ya nemo, saboda ba shi da nauyi. Haƙarƙarin fikafikan ɗaya bayan ɗaya ya yanka su da reza, guda arba'in da wani abu. Wanda ya karkace ko da kaurin farce ne, jefar da shi yake ya sake wani.

Ya lulluɓe fikafikan da siririn yadi, ya shafe su da fenti ruwan ƙwai. Ɗan injin kuwa, wanda bai kai dunƙulen hannu ba, sai da ya jira wata uku kafin wani direba ya taho masa da shi daga Legas.

Jirgin ba na rimot ba ne. Wayoyin ƙarfe biyu ne sirara, tsawonsu kamar taku ashirin da biyar, aka ɗaura a jikinsa. Ɗaya bakin kuma yana jikin wani ɗan mariƙi da mutum zai kama a hannu. Ka tsaya a tsakiyar fili, jirgi yana zagaya ka, kana juyawa tare da shi. Ka ɗaga hannu ya yi sama, ka sauke ya yi ƙasa.

Ranar da ya gama, ko ni mai tsokanarsa sai da na yaba. Har ɗan kujerar matuƙi ya sassaƙa a ciki.

Ya sa ranar Asabar. Ya ce a wani fili can bayan gari za a gwada, inda babu bishiya babu komai.

Daren Juma'a aka kwana ana ruwa.

Da muka isa da hantsi, filin ya zama tafki. Mun kai mu talatin, wasu a babur, wasu a ƙafa, kowa da wayarsa a hannu zai ɗauki bidiyo.

Tanimu ya ce a bari sai wani satin.

Sai surutu ya tashi.

"Dama mun faɗa."

"Matuƙi ya ji tsoro!"

"Kayan ado ne kawai, a kai wa amarya ta sa a kabet."

Na ga fuskarsa ta canza. Wani ya ce ai filin ƙwallo na kan tudu, a bushe yake. Tanimu ya ɗauki jirginsa ya nufi can, muka bi shi.

A gefen filin ƙwallon nan akwai manyan wayoyin lantarki da suka ratsa zuwa wani gari. Kullum muna wucewa ta ƙarƙashinsu. Mun daina ma ganinsu.

Tanimu yana warware wayoyinsa, sai ga Baba Mamuda mai lambun gefen filin ya taho da fartanya a kafaɗa. Ya dubi abin da ke ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi sama.

Ya ce, "Ɗana, wannan igiyar taka ta ƙarfe ce?"

Tanimu ya ce, "Ta ƙarfe ce, Baba."

"To ka ga na saman can?"

Kafin Tanimu ya buɗe baki, wani ya riga shi.

"Haba Baba! Kwananmu biyar ba mu ga wuta ba a garin nan. Me ke cikinsu?"

Aka fashe da dariya.

Wanda ya faɗi wannan maganar, ni ne.

Baba Mamuda ya ce, "Ni dai na faɗa." Ya koma gefe ya tsaya, bai tafi ba.

Ni ne Tanimu ya ba wa wutsiyar jirgin in riƙe. Ya tayar da inji, ya ruga tsakiyar fili, ya kama mariƙin da hannun dama, ya ɗaga mini na hagu.

Na saki.

Jama'a, jirgin nan ya tashi.

Ya yi gudu kaɗan a ƙasa, ya ɗaga, ya shiga zagaye yana ƙara kamar ƙudan zuma dubu. Zagaye ɗaya. Biyu. Uku. Masu tsokana suka koma kabbara da tafi. Tanimu yana juyawa yana dariya, irin dariyar da ban taɓa ganin ya yi ba tun muna yara.

Muka fara ihu, "Sama! Ƙara sama!"

Ya ɗaga hannu.

Iska ta ɗan ja jirgin, shi ma ya matsa baya taku uku ko huɗu don wayoyin su miƙe.

Abin da na gani haske ne fari fat, sai ƙara kamar an fasa taya.

Tanimu yana ƙasa. Hayaƙi na fita daga hannun rigarsa.

Muka zabura za mu yi kansa, Baba Mamuda ya daka mana tsawa, ya tare mu da ƙotar fartanya, har sai da ya tabbata wayoyin jirgin sun tsinke sun rabu da na sama. Ba don shi ba, da ba mutum ɗaya za a kwasa ba.

Ashe layin da ke kawo wa unguwarmu wuta daban, wancan babban daban. Shi bai taɓa ɗaukewa ba.

Tanimu bai mutu ba.

Amma an yanke hannun daman daga gwiwa. Tafin ƙafafunsa biyu sun ƙone, har yau da sanda yake tafiya. Shagon an rufe. Matarsa Talatu ce ke soya awara a ƙofar gida, da kuɗin suke ciyar da 'ya'ya huɗu.

Sati uku na kasa zuwa asibiti. Ranar da na je, na durƙusa a gefen gadonsa na ce, "Tanimu, ka yafe mini. Ni na ce babu wuta."



Ya ce, "Na yafe maka, Lawwali. Amma ka san wani abu? Tun kafin Baba ya yi magana na ga wayoyin. Na san bai kamata ba. Dariyarku ce ban so in sake ji ba."

Na fito na zauna a bakin baranda, na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu.

Mu talatin ɗin nan kowa ya koma harkarsa da hannuwansa biyu.

Darasi:

In ba ka san abu ba, ka yi shiru. Maganar da ka jefa don a yi dariya, wani ne zai ɗauke ta a jikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Kai kuma mai aiki, in zuciyarka ta ce ka dakata, ka dakata, ko duk gari zai kira ka matsoraci. Masu zuga ka ba za su kwanta a gadon asibiti tare da kai ba.

Ka tura wa abokan majalisarku wannan. Akwai wanda ake yi wa dariya a cikinku yanzu haka, kuma ba ku san abin da zai yi don ku daina ba.