Ruwan Shuka da Ramukan Gwaji

Har gobe ina tuna ranar da Tanko ya rushe mana tsarin aikin rani guda yana kurɓar shayi.

Lokacin ni ne shugaban ma'aikatan fili a wani ƙaramin kamfanin binciken ma'adinai a Legas. A aikinmu, kafin a kai injin haƙa sai an tona ramukan gwaji da hannu, a ɗebi ƙasa a auna. Filaye biyu gare mu, ɗaya a ƙasar Yarbawa, ɗaya a arewa, ayarin masu tono kuwa ɗaya tal. In ba mu gama duka biyun a ranin nan ba, masu zuba jari za su janye, abincina ya ƙare.

Madam, babbar masaniyar duwatsunmu, ta tsara mu yi kudu har Afrilu kafin ruwa ya cika ramuka, sannan mu haura arewa har Yuli. Ni ma na yaba. Na kai ta unguwarmu Agege, teburin mai shayin da 'yan ci-ranin da ke yi mana tono ke taruwa, ta yi wa jagoransu Tanko bayani ina fassarawa.

Tanko ya ajiye kofi ya ce, "Oga Sabo, faɗa mata gaskiya. Ranar da aka bugo waya aka ce an yi ruwan shuka a gida, ko zinariya ke ƙyalli a ramin, ajiye diga za mu yi."

Na fassara mata, ita kuwa dariya ta yi ta yi. Ta ce ta lissafa ruwan da ke cika rami, ta manta da wanda ke kwashe mutane. Nan take ta rage ramukan kudu zuwa wuraren da suka fi alama, ta ce mu haura arewa tun Maris, awon ƙasa ya jira damina.

Ruwa ya sauka saura rami ɗaya. Su Tanko suka yi mana sallama, ni da direba muka ƙarasa, hannuwana duk suka yi kanta. Kudu ta nuna alama, masu jari suka zauna. Arewa kuwa fayau.

Da kaka sai ga buhun gero daga Tanko. Madam ta sa aka jingine shi a ofis, tana gaya wa baƙi wannan ne duk arzikin da filin arewa ya ba kamfani.

Tun daga nan, kafin in tambayi abin da ke ƙarƙashin ƙasa, sai na tambayi mai tono yaushe gonarsa za ta kira shi.