Ranar Da Na Kusa Sallama Gonar Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da na fara jin ƙanshin kuɗi a harkar hatsi a Gusau, ina da wani aboki da muke zama rumfa ɗaya. Mutum ne mai daɗin baki. In ya yi maka bayanin abu, sai ka ji kamar dama tunaninka ne, shi dai ya taya ka furtawa. Ni kuwa a lokacin ina ganin ba wanda ya kai ni wayo, tunda da kwano ɗaya na fara awo har na kai ga sayen buhuna.

Shi ya sa mini son babbar mota. Kullum sai ya ce, "Alhaji, kai da kake ɗauko masara daga Tsafe da Wanke, har yaushe za ka riƙa ciyar da direbobi? Ga gona can kwance a Kekun Waje, ba kai ke noma ta ba." Ban je Makka ba a lokacin, amma wannan "Alhaji" tana yi mini daɗi. Kafin wata biyu har ya samo mai sayen gonar, aka sa ranar Asabar za a zagaya iyaka.

Gonar rabona ce ta gado, ba mai hana ni. Sai dai daga cikinta mahaifiyata take cin tuwo, don haka na je in sanar da ita. Na zauna na jero mata dalilai tiryan-tiryan. Tana tsinke zogale a faranti, ba ta ɗago ba har na gama.

"Wagga magana ba taka ta ba," in ji ta. "Wa ya ba ka aro?"

Na ce, "Haba Inna, ni yaro ne?"

"To faɗa mini dalili guda wanda ba a bakin wani ka ji shi ba."

Na shiga lalube. Duk wanda na ɗauko sai in ji shi da muryar abokina.

Ta ce, "Ka zama raƙumi da akala." Na sha jin ana faɗin haka a kan masu mulkin da wasu ke juyawa, ko mijin da ba ya iya yanke magana a gidansa, amma ban taɓa zaton za a faɗa mini ba. Ita kuwa ba a zance ta san abin ba. Mahaifinta ya kasance mai masaukin Buzaye masu kawo kanwa, a bakinsu ta fara jin kalmar akala, wato igiyar da ake jan raƙumi da ita. Ta ce ta ga amale, ƙaton raƙumi, wanda zai iya rushe danga da ƙirji, amma in aka kama wannan siririyar igiya ta hancinsa, duk inda aka nufa nan zai bi, yana tafe yana ɗaga kai sama kamar shi ya zaɓi hanyar.

"Gonarka ta," ta ce. "In kai ka so, sayar. Amma ka duba ko kai ne."

Kwana ukun da suka rage ban ji daɗin abinci ba. Ɗan kasuwa ba shi da jarin da ya wuce maganarsa. Na riga na sa an kira mutum, an gaya wa mai unguwa, an sanar da maƙwabtan gona. In na janye, gobe wa zai yarda da ni a kasuwa? In kuma na sayar, ƙasa ba ta dawowa. Abu ɗaya nake riƙe da shi: ban ce "na sallama" ba tukuna. A wurinmu kuwa kafin wannan kalma ciniki bai faɗa ba, bayanta kuma ba a tayar da shi.

Ranar Asabar da hantsi muka haɗu a gonar. Aka bi layin gamba da mahaifina ya dasa a kan iyaka, aka kai gindin aduwa, aka juyo. Mai sayen, wani dattijo mai natsuwa, ya tambaye ni ko kwarin can yana riƙe ruwa da damina. Na san amsar, a nan na yi ƙuruciya. Amma kafin in yi magana sai na tsinci kaina ina kallon fuskar abokina. Ya sake tambaya game da itatuwan da ke ciki, na sake kallon abokina. Sau uku ina kama wuyana yana juyawa da kansa.

Dattijon ya yi tayinsa, tayi mai kyau, ya miƙo hannu. "Ka sallama?"

Abokina ya ce wa dattijon, "Ai ya sallama, Alhaji."

Mai unguwa ya dube shi. "Malam, gonar taka ce?"

Na ce, "Albarka."

Dattijon ya ƙara a kan tayin. Na ce ba kuɗin ba ne, na fasa ne, kuma ina neman afuwa don na sa shi ya taso. Ya ce gara yanzu da bayan an shafa fatiha. Abokina kuwa bai yi mini magana ba har muka iso Gusau. Na kusa shekara ana tsokanata a rumfa: "Ga mai gonar da ba ta sayuwa."

Ba zan ce abokina mugu ba ne, kuma ba zan ce da na sayi motar da ta karya ni ba. Watakila da na samu alheri. Abin da ya tsorata ni shi ne na kusa rabuwa da ƙasar ubana ba tare da na taɓa tambayar kaina ko ina so ba.

Daga baya na ce wa mahaifiyata cikin wasa, "To Inna, ba ke kika karɓe akalar ba?" Ta yi dariya ta ce ita ba ta ja ni ba, igiyar kawai ta nuna mini.

Ta rasu yanzu, gonar tana nan. Har yau, in ciniki ya yi daɗi da yawa kuma wani yana ta kirana Alhaji, kafin in ce na sallama sai na shafa hancina.