Ɗan Tsawa a Rumfar Awo

Ka taɓa ganin mutumin da sunansa ya fi muryarsa ƙarfi? Ga shi nan a kasuwar Makoɗa, shekara ta biyu ana fari, tsaye gaban Muntaka mai awo. Dogon tsoho ne ramamme, jijiyoyin wuyansa kamar igiyar guga. Mai wa'azi ne a cikin Maguzawa Kiristoci, kowa Ɗan Tsawa yake ce masa, amma muryar ta dushe, sai ka matso kake jin ta. Wataƙila wa'azin ne ya cinye ta.

Muntaka, wanda ko ƙwaya ce ta faɗi ƙasa yana sane da ita, ya lura tsohon ba ya duban cikar mudu. Geron yake murzawa, yana zaɓen mai nauyi. Iri yake saye, alhali da gani bai karya ba.

"Baba, wa ya raɗa maka wannan suna?"

"Daga Linjila yake. Yesu ne ya kira almajiransa biyu masu zafin rai, Yakubu da Yahaya, Buwanarjis, wato 'ya'yan tsawa. Tun nan mai wa'azi da zafi yake gadon sunan."

"To ga tsawa, ina ruwan?"

"Tsawa ba ta jiƙa ƙasa, ɗana. Manomi take tashi."

Tsohon yana ƙulle geron a bakin riga, yana jan ƙullin da haƙori don kada yunwa ta kwance shi kafin damina.

Kai ma gwada bana: ware irinka tun cikinka yana kuka, ka ƙulle, ka jira tsawa.